Alƙalinmu surukin wanda muke ƙara ne: ina zan kai koke?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'a.

Muna shari'ar gadon gida a wata kotun Musulunci a nan Zariya, yau wata goma sha ɗaya. Sai a zama na huɗu muka gano cewa alƙalin yana auren ƙanwar matar wanda muke ƙara. Bai taɓa faɗa ba, kuma ya ci gaba da sauraron ƙarar. Tun daga nan duk ranar da shaidunmu suka zo sai a ɗage zama, an ɗage sau 7. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne da muke ɗaukowa daga Giwa, yanzu ya ce ya gaji.

Lauyanmu ya roƙi alƙalin a gaban kotu ya janye, ya ƙi, ya ce shari'ar ta yi nisa. Mun nemi kwafin bayanan zaman, mun biya kuɗi, rasit na hannuna, amma mako shida ke nan magatakarda na cewa ba a gama bugawa ba. Na shirya rubuta wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, sai na fahimci ita alƙalan manyan kotuna take ladabtarwa, na ƙananan kotuna kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha. Jiran hukunci mu ɗaukaka ƙara kuma, kafin nan gidan na iya fita hannu.

Tunda ba a yanke hukunci ba, ofishin Girandi Kadi na Kaduna, wato shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, zan kai koken don a canza mana alƙali, ko hukumar jihar? Na gode.