Kwantenar Podman ta ƙi rubutu a folda duk da chmod 777

Ɗan_Tasha: Assalamu alaikum. Rocky Linux 9 ne, SELinux (tsarin tsaron Linux) na kan enforcing, wato yana hana duk abin da dokarsa ba ta yarje ba. Na tayar da kwantenar Podman (keɓaɓɓen muhallin gudanar da manhaja) da `-v /srv/bayanai:/data` don haɗa mata folda, amma duk rubutun da za ta yi sai "Permission denied". Na yi chmod 777 (na buɗe wa kowa izinin foldar), ba ta sauya zani ba. Da na buga `setenforce 0` (na dakatar da hanin SELinux) sai komai ya tafi daidai. In bar shi haka?

MalamKernel: Wa alaikumus salam. A'a, mayar da shi `setenforce 1`. SELinux bai damu da 777 ba, lakabin tsaron da ke kan fayil yake dubawa. Kwantenarka tana gudana ne a matsayin `container_t`, kuma an yarje mata rubutu a kan abin da ke ɗauke da `container_file_t`. Buga `ls -Zd /srv/bayanai`, mai yiwuwa `var_t` za ka gani. `ausearch -m avc -ts recent` zai nuna maka wanda aka hana da abin da aka hana shi. Gyaran: `-v /srv/bayanai:/data:Z`.

Hajiya_Root: A kula da babban Z da ƙaramin z, nan mutane ke faɗawa rami. Kowace kwantena Podman na ba ta lambobi biyu nata na kanta, kamar `s0:c214,c580`. Babban Z yana buga waɗannan lambobin a kan foldar, ta zama ta kwantena ɗaya tak. Idan ka kawo ta biyu, a ce mai kwafar bayanai da dare, ita ma da :Z a folda guda, za ta sake lakabin da nata lambobin, ta farkon kuwa ta rasa izini tana tsaka da aiki. Foldar da ake rabawa ƙaramin z take so.

Kuma don Allah kada ka kuskura ka sa :Z a kan /home ko /etc gaba ɗaya. In lakabin fayilolin da ke ciki ya sauya, har SSH (hanyar shiga na'ura daga nesa) ma na iya hana ka shiga.

Injiniya_B: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. `restorecon -F` (mai mayar da lakabi na asali da ƙarfi) na iya goge lakabin nan, don haka rubuta shi cikin doka: `semanage fcontext -a -t container_file_t "/srv/bayanai(/.*)?"`, sannan `restorecon -Rv /srv/bayanai`. Idan babu semanage, saka `policycoreutils-python-utils`. In kuma ausearch bai nuna komai ba amma har yanzu ana hana ka, duba mallakar foldar: a Podman marar root (wanda mai amfani na gama-gari ke gudanarwa), `podman unshare chown` ne ke daidaita UID ɗin (lambar mai amfani) da ke cikin kwantena.