Kunya ce ko aljihu? Muhawarar 'yan zangon Kumasi kan ciwon ƙwaƙwalwa

Alhaji Mai Goro, Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na ce ba talauci ke hana mu kai mai taɓin hankali asibiti ba, kunya ce. Tun 2012 Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, aka ce magani kyauta ne. Mu kuma sai mu kulle yaro a ɗaki don kada unguwa ta ji, kada ƙannensa mata su rasa masu aure.

Hajiya Mai Koko, Asawase: Alhaji, da girmanka, kyautar a takarda take. Shekara uku ina jinyar ƙanena. Sau nawa aka ce mana magani ya ƙare, mu je kemis mu saya? Ranar asibiti ba na kasa koko, ga kuɗin trotro, motar haya, na mutum biyu, in jikin ya motsa kuwa sai tasi. Na cikin rijiya ba zancensa ɗaya da na bakinta ba.

Nas, Sawaba: Hajiya ta faɗi gaskiya, Baba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne kacal: na Akra, Pantang da Ankaful kusa da Cape Coast, duk a kudu. Mu nan Kumasi sashe ne a asibitin Komfo Anokye da asibitin Tafo. Ka tuna da wanda zai taso daga Bawku can arewa. Amma Hajiya, a sabunta masa katin inshorar lafiya na NHIS, a 2024 an saka cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu a ciki, har da ciwon damuwa.

Malam, Sabon Zango: Kowa ya ga asibiti ya yi nisa, zaurena zai zo. Ina yin ruƙiyya, amma sarƙa ban yarda da ita ba, hukuma ma ta hana ɗaure majinyata tun 2017. Kuma ba komai ne iska ba. Yaran nan masu shan tramol, wane aljani zan fitar musu?

Alhaji Mai Goro: To kun ji. Kuɗin da ake kashewa wajen masu magani ai ya fi na trotro. Kunya ce, Hajiya.

Hajiya Mai Koko: Shi ke nan Alhaji. Ƙanena ya samu sauƙi, ya koma ɗinkinsa a Alabar, bai fasa shan magani ba. In ya zo neman 'yarka, za ka ba shi?

Alhaji Mai Goro: An kira la'asar, bari in yi alwala.