Shigella ta ƙi shiga ƙwayoyin HeLa, ina matsalar take?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan Jidda, mako uku ke nan na maƙale wuri ɗaya, abin ya ishe ni.

Ina gwada yadda Shigella flexneri, bakteriyar da ke jawo atuni, ke kutsawa cikin ƙwayoyin HeLa, wato ƙwayoyin jikin ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji. A ƙa'ida, allurar nan tata ta T3SS ce ke cusa furotin IpaB da IpaC a fatar ƙwayar, actin (furotin ɗin da ke riƙe siffar ƙwayar) ya taru, fatar ta tashi ta haɗiye Shigellar. Ni kuwa idan na zuba maganin gentamicin awa ɗaya ya kashe Shigellar da ke waje, na fasa ƙwayoyin da sinadarin Triton X-100 na shuka abin da ke cikinsu a faranti don in ga Shigellar da ta shiga, washegari farantin fayau, ko ɗigo babu.

Na ɗaga MOI (yawan Shigella ga kowace ƙwayar HeLa) daga 10 zuwa 100. Na juya su a centrifuge minti 10 don Shigellar ta sauka kan ƙwayoyin, tunda Shigella ba ta da wutsiyar iyo. Zafi kuma 37°C ne daidai, na duba sau biyu. Duk a banza.

Jiya na shuka ta a farantin Congo red, rinin da masu iya kutse ke fitowa ja a kansa, sai ga kusan duk farare, jajaye ba su fi biyar ba. Kuma an sha sake shuka wannan irin kafin ya zo hannuna.

Shin fararen nan alama ce plasmid ɗin kutsen (zoben DNA da ke ba ta ikon kutsawa) ya ɓace, sai na tsinci ja ɗaya na soma daga farko? Na gode.