Na sayi dashen Kent, ya haifi mai zare

Maman Yara, Bagalam: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na sayi dashen mangwaro wajen masu saida itace, har da takarda a jiki an rubuta Kent. Bana ya fara 'ya'ya, ga su ƙanana, rawaya, zare duk ya cika haƙoran yara. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ruwan famfo nake saye ina ba shi. In sare shi ne?

Baba Mai Lambu, Jiratawa: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kar ki sa mashi gatari. Ki tsuguna ki duba gindin tukuna, kamar taki ɗaya ko biyu daga ƙasa. Mangwaro mai aure yana da tabo a inda aka haɗa shi, wurin ya ɗan kumbura, ɓawon sama da na ƙasa ba su zama iri ɗaya. Na ƙasan ɗan gida ne, na saman shi ne Kent. Sau da yawa mai saidawa bai yi ƙarya ba: akuya ta cinye saman, ko zafin Afrilu ya ƙone shi, sai na ƙasa ya yi toho ya zama itace, mai gida na ta ban ruwa bai sani ba. Ki duba ko rassan daga ƙasan tabon suka fito.

Maman Yara: Baba na duba. Akwai tabon. Babban reshe daga ƙasansa ya taso, sai wani siriri a sama wanda bai taɓa fure ba.

Baba Mai Lambu: Alhamdu lillahi, siririn nan shi ne kuɗinki. Babban ne ke shanye mashi abinci. Ki rage shi kaɗan-kaɗan, kar rana ta doki siririn lokaci guda, in damina ta kankama ki cire shi duka. Duk tohon da ya sake fitowa ƙasan tabo, a karye shi tun yana ɗanye.

Ɗalibin Noma, Ali Dan Sofo: Da izinin Baba in ƙara. Hajiya, ki fasa ƙwallon wanda kuka sha da wuƙa, a hankali. In cikin ya rabu gida-gida, ɗan gida ne, shi ya sa ƙwallo guda ke fitar da tsiro da yawa. Kent da Keitt, da suka fito daga Florida ta Amurka, ƙwaya ɗaya ce a ciki, kuma in an shuka ƙwallonsu ba su maimaita uwar. Don haka wanda ya ce maki ga Kent daga ƙwallo, ki bar mashi kayansa.

Inna ta Tibiri: Ni tawa matsalar daban ce. Nawa mai aure ne sosai, ba zare, amma an ce mani Kent, ga shi yana nuna tun sauran ba su ƙosa ba, fatar kore-kore.

Ɗalibin Noma: Inna, wannan ya fi kama da Amélie, ita ce mai saurin nuna, cikinta ja-ja mai laushi. Kent babba ne mai nauyi, kafaɗarsa na yin ja inda rana ke bugu, yana zuwa bayanta. Keitt ne na ƙarshe, ya kan nuna fatar na nan kore, rassansa dogaye a baje. Amma kar a yanke hukunci da 'ya'yan fari, a jira na baɗi. Ganye kaɗai kuwa ba ya isa shaida.

Baba Mai Lambu: Kuma ko ya tabbata ba shi ba ne, ana sake ma babban itace aure. A datse rassan, in sun yi sabon toho a ɗaura irin da ake so, daga itacen da kika sha 'ya'yansa da bakinki. Saiwar ta riga ta kama ƙasa, ya fi sabon dashe saurin haihuwa.

Inna ta Tibiri: Takardun nan ma rana ke goge su. Ni gwangwanin madara nake yankawa in rubuta sunan da ƙusa, in ɗaura da waya sako-sako.

Maman Yara: Allah ya saka da alheri. Baba, wa zan samu ya yi mani datsar? Ina tsoron in raunata siririn.

Baba Mai Lambu: Ki tambaya wajen ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Tarna kusa da Maraɗi, ko masu lambun bakin gulbi, akwai masu hannu. A zo da zarto mai kaifi, ba adda ba.