Rangwame ga ɗan wasan besbol na jami'a: abin da aka yi ittifaƙi a kai

Kan ko ɗan wasan besbol na jami'a zai iya karɓar rangwame ko kyauta, shawarar da ta fi yawa ita ce ya tambayi kansa: wannan rangwamen ana yi wa kowane ɗalibi, ko ni kaɗai saboda ina buga wasa? Idan na kowa ne, dokar NCAA, hukumar kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ba ta hana ba. Amma idan mai shago ya rage masa kuɗin sanda ko safar hannu don yana cikin ƙungiya, ko wani attajiri mai goyon bayan ƙungiyar ya biya masa abinci, hakan na iya jawo dakatarwa, har a sa shi ya biya kuɗin ga ƙungiyar agaji.

Tun 1 ga Yulin 2021 an halatta karɓar kuɗin talla da suna, muddin aiki aka yi a madadinsa. Iyaye ma dokar hana karɓar rangwame na musamman ta shafe su. Kafin a karɓi komai, a fara tuntuɓar ofishin kula da dokoki na jami'ar.