Inda aka kwana kan shagalin Zobi

Jama'a, ga abin da na tsinta daga doguwar hirarmu kan shagalin Zobi, ɗan tsanar nan mai son doya na shirin Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011.

1. Rana: Alhamis bayan la'asar, tunda ba Islamiyya. Kowa ya amince.

2. Wuri ne ya raba kawuna. 'Yan Samaru na so a yi a wajensu, mutanen cikin birni da Tudun Wada suka ce kuɗin keke zai yi yawa. Ba a yanke ba.

3. Abinci: soyayyiyar doya da yaji, ba musu. Wallahi yaran sun ƙosa, ɗiyata tun jiya take ɗinka Zobi da tsohuwar safa shuɗiya.

4. Kami, 'yar tsanar shirin mai ɗauke da cutar ƙanjamau: wasu na so a yi wa yara bayanin ƙanjamau ta bakinta, wasu iyayen suka ce a fara tuntuɓarsu tukuna.