Neman shawara: in biya kuɗin shekara a shafin kayan tattaki marasa nauyi, ko in haƙura?

Sabon Matafiyi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawararku kafin in sa hannu a aljihu.

Shekara biyu ke nan da na fara tattaki da jakar goyo, irin wanda ake kwana a hanya. Tafiyata ta ƙarshe ta kwana uku ce, jakar kuma ta kai kilo 17 har da ruwa da abinci. A rana ta biyu igiyar jakar ta ci mini kafaɗa har fata ta saluɓe, kuma duk gangarar da muka sauka sai gwiwata ta dama ta riƙa soka. Da na dawo, kwana biyu na yi ina saukowa daga bene a karkace. Shi ne na ƙudura sai na rage nauyi kafin tafiya ta gaba, wadda za ta ɗauki mako guda a tsaunuka masu sanyin dare.

Cikin bincike na faɗa wani shafin intanet da ba shi da aiki sai gwajin kayan tattaki marasa nauyi. Za su bar ka ka karanta sakin layi biyu ko uku, da ka iso inda sakamakon gwajin yake sai a rufe, a ce sai mamba, kuma kuɗin na shekara ne. Akwai wanda ya taɓa biyan irin wannan? Abin da ke ciki ya fi wanda ake samu kyauta a YouTube da Reddit? Ko gara in haɗa kuɗin a kan kaya? Ina da niyyar canza tanti da jakar barci.

Tsohon Matafiyi:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Sannu da gwiwa. Kafin in ce maka biya ko kar ka biya, ka taɓa auna kayanka ɗaya bayan ɗaya? Ba jakar gaba ɗaya ba, kowane abu shi kaɗai a kan ƙaramin sikeli mai nuna giram.

Masu wannan harka ba sa lissafi da nauyin da ka faɗa. Suna cire abinci da ruwa da gas ɗin girki, tunda waɗannan raguwa suke yi kullum, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce ko a jakar wa take. Abin da ya saura shi suke kira nauyin tushe. In ya gaza fam 10, wato kilo huɗu da rabi, an ce ka shiga sahun marasa nauyi sosai. In ya gaza fam 20, kusan kilo 9, kana cikin masu sauƙin kaya, kuma ga mafi yawan mutane wannan ma ya wadatar.

Ranar da na fara aunawa na baje komai a ƙasa. Na tarar da wuƙa biyu, babbar tocila da batir na ko-ta-kwana, riguna huɗu da biyu kawai na taɓa sawa, tukunya da murfinta da faranti da kofi, alhali a cikin tukunyar nake ci. Fiye da kilo biyu na cire a yammacin nan ban sayi komai ba. Akwai wani shafin intanet mai suna LighterPack, kyauta ne, ka zuba lissafin a ciki zai tara maka.

Kuma ka tuna da Emma Gatewood. A 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar tsaunukan Appalachian a Amurka ita kaɗai, sama da kilomita 3,000, da jakar da ta ɗinka da hannunta a kafaɗa, bargon soja, labulen wanka na roba a matsayin rumfa, da takalmin kambas. Ban ce ka yi yadda ta yi ba, ta sha wuya ƙwarai. Amma rabin rage nauyi barin kaya a gida ne, kuma wannan ba sai an biya wani ya koya maka ba. Ni dai a ganina ka dakata tukuna.

Maman Biyu:
Yaya, na yarda da batun sikeli ɗari bisa ɗari, amma ka tsallake ƙarshen maganarsa. Ya ce zai canza tanti da jakar barci. Biyu ke nan cikin manyan kaya uku da suka fi nauyi kuma suka fi cin kuɗi, na ukun ita ce jakar goyon kanta. A nan ne kuskure ɗaya yake cinye abin da ya ninka kuɗin rajistar sau da yawa.

Na biya irin wannan shafi shekara biyu, bari in faɗi abin da ya kai ni. Na sayi jakar barci da aka rubuta wata lambar sanyi ɓaro-ɓaro a jikinta, wani mai bidiyo kuma ya yabe ta. Daren farko a kan tudu, wajen ƙarfe uku na farka haƙorana suna haɗuwa. Na sa duk rigunana, na cusa ƙafafuna cikin jakar goyo, na zauna a takure har gari ya waye. Sanyin bai ma kai lambar da aka rubuta ba.

Daga baya na gane abin. Ma'aunin da ake gwada ɗumin jakar barci da shi, ISO 23537, wanda ya gaji EN 13537, lamba uku yake bayarwa. Ta farko sanyin da mace za ta yi barci a sake, ta biyu wanda namiji zai jure yana ƙudundune, ta uku kuwa ta tsira da rai ce kawai, ba ta barci ba. Wadda na gani a jikin jakata ba ta farkon ba ce. Kuma da gunki mai ɗumi ake gwajin, sanye da kayan ciki, kwance a kan shimfiɗa mai tare sanyi. Tawa shimfiɗar siririya ce, ƙasa tana zuƙe mini ɗumi ta baya. Shimfiɗa ma tana da tata lambar mai nuna ƙarfin tare sanyinta, ana ce mata R, kuma sai daga 2020 manyan kamfanoni suka koma auna ta da ma'auni ɗaya, don haka tsofaffin lambobi ba sa kwatantuwa da sababbi.

Duk wannan yana nan kyauta in ka san abin da za ka nema. Matsalar sabon shiga ita ce bai san tambayar da zai yi ba. Abin da na samu a shafin biya shi ne mutum ya ɗauki kaya biyar ya gwada su a yanayi ɗaya, ya auna da kansa, ya dawo bayan wata shida ya ce zif ɗin wannan ya lalace, wancan gashin dinyar da ke ciki ya tattare gefe guda. Yawancin masu sharhin kyauta kuwa kamasho suke samu in ka saya ta mahaɗin da suka sa, wasu ma kamfani ne ya aiko musu kayan. Ba na cewa ƙarya suke yi, amma wanda abincinsa ke cikin sayenka da wuya ya ce maka tsohon tantinka ya isa.

Shawarata ƙanena, ka biya shekara ɗaya tak, a shekarar da za ka yi sayayya. Na biyun da na biya ban amfana ba, don na riga na gama saye.

Ɗan Tudu:
Hajiya, ba duka ne masu tsarki ba fa. Na biya wani, na shiga na tarar su ma suna da mahaɗin kamasho a ƙasan kowane sharhi, rabin rubutun kuma ya shekara biyar, kayan ma an daina yin su. Shekara ta zagayo suka sake cire kuɗi a katina ban ankara ba. Malam, kafin ka biya ka duba ko su ke sayen kayan da suke gwadawa, ka duba ranar rubutunsu na ƙarshe, ka ga ko suna gwaji a yanayi irin wanda za ka shiga. In ka biya, a ranar ka kashe sabuntawa ta kai-tsaye.

Mai Ɗinki:
Ni ta ɓangaren yadi zan shigo, don nan ne ake ruɗa mutane. Tantin da za ka ga ana ta zuzutawa na Dyneema ne, yadin da asalinsa don filafilan jiragen ruwa na tsere aka yi shi. Ba ya shan ruwa, ba ya saki, ga rashin nauyi. Amma yana da tsada, ba ya son gurzuwa, kuma ba ya naɗuwa ƙanƙane. Nailon mai silikon ya fi sauƙin kuɗi, sai dai in ya jiƙe yana saki, ka tashi da dare ka ƙara ɗaure igiya. Foliyesta mai silikon bai cika yin haka ba. In ka riƙe wannan, ka fahimci rabin muhawarar da ake yi a waɗancan shafuka.

Ray Jardine, wanda ya yaɗa salon tattaki da kaya marasa nauyi a shekarun 1990 bayan ya taka hanyar Pacific Crest ta Amurka mai sama da kilomita 4,200, shi da matarsa suke ɗinka kayansu. Shi ya ja hankalin mutane ga tamfol maimakon tanti, da bargo maimakon jakar barci, tunda abin da ka danne a ƙarƙashinka ba ya ɗumama ka.

Abu ɗaya nake roƙonka: jakar goyo ita ce ta ƙarshe a saye. Marasa ƙarfe a baya an yi su ne don kaya kaɗan. Ka zuba musu kilo 14, kafaɗar nan taka za ta fi da ciwo.

Sabon Matafiyi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, na auna jiya da dare. Nauyin tushena kilo 12 da giram 300. Tanti 2.9, jakar goyo 2.4, jakar barci 2.1. Na ware abin da ban taɓa amfani da shi ba a tafiya uku, ya kai kilo 1.8. Har guduma ta buga turaku nake ɗauka, ga duwatsu ko'ina.

Na duba shafin yadda Ɗan Tudu ya ce. Sun rubuta cewa wasu kayan su ke saya, wasu aiko musu ake yi, kuma suna nunawa a kan kowane sharhi. Rubutun ƙarshe na makon jiya ne. Zan biya shekara ɗaya in kashe sabuntawa. Hajiya, wanne zan fara karantawa, tanti ko jakar barci?

Maman Biyu:
Jakar barci da shimfiɗa tare, kada ka raba su. Nemo mafi ƙarancin sanyin da ake samu a wurin a watan da za ka je, ka zaɓi jaka da lambar farko, ta barci a sake. In dare yana kusantar daskarewa, shimfiɗa mai R wajen 4 za ka nema. In taka ta yanzu ba ta kai ba, ka ɗora ta a kan ta soso, lambobin haɗuwa suke yi.

Tsohon Matafiyi:
Madalla. In kayan sun iso, kada ka kai su tsauni kai-tsaye. Ka kwana da su dare ɗaya a waje, kusa da inda za ka iya komawa ɗaki in sanyi ya yi yawa. Ka kafa tantin da duhu ko sau ɗaya ne, da fitilar goshi kaɗai. Sannan ka turo mana sabon lissafin mu duba tare.